In Babba Ya Yi Kaciya, Wa Zai Yi Jiyyarsa?

Kaka ta wuce. An kai gero rumbu, an kakkaɓe riɗi, an tsinke zoɓo, sanyi kuma ya fara shigowa. A ƙasar Gumel wannan shi ne lokacin shayin yara. In ka bi ƙauyuka daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar za ka iske 'yan shayi suna shan hantsi a ƙofar gida, kowane da rigarsa mai faɗi, in ya tashi tafiya sai ya tale ƙafa. Ba mai aikensu, ba mai tura su kiwo ko ɗiban ruwa. A yanka musu kaza, a dama musu fura, goggo ta aiko da nata, kawu ya aiko da nasa. Unguwa duka ta san yaron nan yana da miki, unguwa duka kuma tana taya shi jiyya har ran da zai warke.

Maganarmu ta yau a kan babban mutum ta ke, mai gemu, wanda kaciya ta same shi bayan ya girma. Shi ba mai yanka masa kaza, gama ba wanda ya sani. Ya kan sulale ya tafi wani gari a yi masa a ɓoye, ya komo gida ya ce masassara ce ta kwantar da shi. Bayan kwana biyu ko uku sai ya ɗauki buhu, ko ya hau babur, don kada mutane su fara tambaya. Daga nan ne wahala ta ke farawa. Mu a ganinmu babba ya fi yaro bukatar jiyya, kuma kunya da gaggawa sun fi aska ɓata kaciyar manya a ƙasar nan. Yankan kansa bai fi aikin rabin sa'a ba a hannun gwani. Warkewa kuwa sai mako 6 cur.

Wataƙila mai karatu ya ce, ina aka taɓa ganin babba marar kaciya a ƙasar Hausa? Gaskiya ne ba su da yawa, don Musulmi da Kirista duka a nan suna yi wa 'ya'yansu tun suna ƙanana. Amma akwai su. Akwai maraya wanda ya tashi daga wannan hannu zuwa wancan, kowa yana tsammani an riga an yi masa. Akwai wanda ya yi ƙuruciya da yawan ciwo, aka yi ta ɗagawa, bana a ce sai baɗi, har lokaci ya wuce kunya ta shiga. Akwai wanda aka yi masa amma ba ta fita sosai ba, fata ta komo ta rufe, sai an sake gyarawa. Ga kuma baƙi. Kasuwar Maigatari ta ran Alhamis tana tara mutane daga Nijar da kudancin Nijeriya da wuraren da suka fi nan nisa, ga yankin ciniki na musamman da aka keɓe a bakin iyaka. A cikin masu zuwa neman abinci akwai waɗanda a ƙasarsu kaciya ba al'ada ba ce. In zama ya yi zama, ko maganar aure ta taso, sai su nemi a yi musu. Wani kuwa ciwo ne ya ke kai shi. Loɓa ta kan matse har fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ko ta riƙa kumburi tana tsattsagewa, tun ba ga mai ciwon sukari ba. In kuwa ta ja baya ta shaƙe kan gaba ta ƙi komowa, wannan ba abin kwana ba ne, a tafi asibiti a ranar.

Bari mu kawar da wata magana tukuna. Ikilisiya ba ta tilasta wa kowa kaciya. Tun taron manzanni a Urushalima, wanda labarinsa ya ke cikin Ayyukan Manzanni sura 15, aka yanke cewa ba da ita a ke samun ceto ba. Bulus ya yi wa Timoti kaciya da girmansa saboda Yahudawan da za su yi aiki a cikinsu, Titus kuwa ba a tilasta masa ba. Saboda haka kada wani ya ce ya ji daga bakinmu marar kaciya bangaskiyarsa ba ta cika ba. Amma in mutum ya ga ya kamata ya yi, ko don lafiyarsa, ko don zama da mutanen da ya ke cikinsu, to ya zama majiyyaci, kula da majiyyaci kuwa aikinmu ne.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye nauyin wannan miki ga babba ba. A Farawa sura 34, mazajen Shekem a rana ta uku ciwo ya hana su kare kansu, har mutum biyu kaɗai, Saminu da Lawi, suka shiga garin suka karkashe su. A Joshuwa sura 5 kuwa, da Isra'ilawa suka haye Urdun aka yi wa mazajensu kaciya a Gilgal. Ga Yariko a gabansu, ga abokan gaba kewaye da su, duk da haka suka zauna a zango sai da suka warke. In rundunar yaƙi ta iya dakatawa, ai buhun riɗi ma ya iya jira.

To, wa zai yi aikin? Ba mu raina wanzamai ba. Sana'a ce ta gado, akwai kuwa waɗanda suka yi wa yara ɗaruruwa shayi lafiya lau. Amma jikin babba daban ne. Jijiyoyin jini sun yi kauri, in an yanke su ba su cika tsayawa don kansu ba, sai an bi su ɗaya ɗaya an ɗaure bakinsu, sa'an nan a ɗinke fata. Ana bukatar allurar kashe zafi, da kayan aikin da aka dafa aka kashe musu ƙwayoyin cuta. Wannan aikin asibiti ne, kamar babban asibitin Gumel, ko wani asibitin da ke da ma'aikacin da aka koya wa aikin, wanda in abin ya fi ƙarfinsa zai tura Dutse ko Kano. Muna roƙon sarakunan aska su ja kunnen yaransu. In babba ya zo musu da dare yana raɗa, wanzami na kirki sai ya ce masa, wannan ba nawa ba ne, tashi in raka ka asibiti. Ba zai rage masa daraja ba. Ko a shayin yara ma muna da magana ɗaya da su, watau kowane yaro da sabuwar reza tasa. Binciken da aka yi a duk faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta irin wanda a ke ɗauka ta jini. Yawancinsu ba su ma san suna da shi ba. Aska ɗaya ta isa ta raba shi ga yara goma.

Mun san abin da za a ce. Asibiti kuɗi, asibiti nisa, asibiti kuma wani lokaci mace ce za ka tarar a bakin aiki. Duka gaskiya ne. Amma kuɗin yanka da ɗinki bai kai rabin abin da a kan kashe ba in miki ya ruɓe, ko jini ya zuba har sai an nemi ƙarin jini. Batun mace kuwa, ba laifi mutum ya ce shi namiji ya ke so ya duba shi, ya jira ranar da namijin ya ke aiki. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Kafin a taɓa ka, ka faɗi gaskiyar jikinka. In a dangin uwarka akwai namiji, kawu ko ɗan'uwa, wanda jini ya ƙi tsaya masa ran shayi ko ran cire haƙori, ka faɗa. Akwai ciwon gado mai hana jini daskarewa, ta wajen uwa ya ke bi, maza kuma ya ke kamawa. Wani ma wataƙila dalilin da ya sa iyaye suka ƙi yi masa yana yaro ke nan, suka rasu ba su gaya masa ba. Mai sikila ya faɗa. Mai ciwon sukari ya bari a auna shi, sukarin ya sauka tukuna, gama mikinsa ba ya saurin haɗewa. Mai shan asfirin kullum shi ma ya faɗa, don asfirin yana tsinka jini. In akwai ƙuraje ko mugunya a gaba, sai an yi maganinsu kafin yanka.

Yanzu mun zo ga abin da ya fi damunmu, watau ciwon sarƙe haƙora, wanda a asibiti a ke kira tatanas. Ƙwayar wannan cuta cikin ƙasa ta ke zaune da cikin kashin dabbobi, tana kuwa iya yin shekara da shekaru cikin ƙura ba ta mutu ba. Mai karatu ya tuna da karar Maigatari ran Alhamis, shanu da raƙuma da tumaki da awaki, ya tuna da ƙurar da iskar hunturu ta ke kwasa daga nan. Ba ma sai an je kara ba. A gidajenmu turke yana tsakar gida, taki muna ɗiba da hannu mu kai gona. In ƙwayar ta shiga miki sai ta saki dafi mai kama jijiya. Tsakanin kwana 3 zuwa 21, yawanci wajen mako guda ko kwana goma, sai muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, baya ya banƙare, ƙara kaɗan ko haske ya sa jiki duka ya riƙa fizga. Mutanen gida su kan ce iska ce, su tafi neman turare. Kafin a kai asibiti numfashi ya tsaya.

Akwai allurar rigakafinsa, a asibitin gwamnati kuma ba ta da wuyar samu. Amma ku duba wa a ke yi wa. Mace mai ciki tana samu wurin awo. Jariri yana samu a mako na 6 da na 10 da na 14, in an kai shi. Magidanci fa? Ba awo, ba kati, ba mai kiransa. In ma an yi masa yana jariri, ƙarfinta ya kan ragu da shekaru. Shi ne kuwa mai sara da gatari, mai taka ƙaya, mai kwasar taki.

Wannan ba zato mu ke yi ba, an gani a wata ƙasa. A gabashi da kudancin Afirka, inda kabilu da yawa ba su yin kaciya, an yi bincike uku, ɗaya a Afirka ta Kudu wanda ya fito a 2005, biyu a Kenya da Uganda waɗanda suka fito a 2007. Suka nuna kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar cuta mai karya garkuwar jiki daga mace da wajen kashi 60 cikin 100. A watan Maris na 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi wa maza a ƙasashen da cutar ta yi yawa, kafin ƙarshen 2019 kuwa an yi wa fiye da mutum miliyan 25. Yawancin abin da likitoci suka sani yau game da jiyyar babba daga can aka koya. A cikin wannan babban aiki, daga 2012 zuwa 2016, an sami rahoton mutum 13 a ƙasashe 5 waɗanda tatanas ya kama bayan kaciya, 8 daga cikinsu suka mutu. Ba yawa ba ne in an gwada da miliyoyi, amma ku duba yadda ya ke kisa in ya shiga. Da aka bi diddigi aka tarar waɗansunsu sun shafa wa mikin magungunan gida bayan sun bar asibiti, rigakafinsu kuma bai cika ba. Daga nan Hukumar ta ƙarfafa abu biyu, tsabtar miki da allurar rigakafi ga maza.

Saboda haka wanda ya yi niyya ya fara da allura. In bai taɓa yi ba, ko bai sani ba, allura ɗaya ran yanka ba ta isa ta kare shi nan da nan ba. Sai biyu, da mako 4 tsakaninsu, a ƙara mako 2 bayan ta biyun, sa'an nan jiki ya yi ƙarfin kare kansa. In ba ciwo ne ya matsa ba, wannan jira ba asara ba ce. Mu da za a bi tamu ma, da kowane manomi da makiyayi ya je ya yi, ko da ba shi da zancen kaciya.

Batun abin da a ke barbaɗawa kuwa, bari mu yi wa bagaruwa adalci. Kakanninmu ba wawaye ba ne. Bagaruwa tana tsuke nama tana busar da shi, shi ya sa majema su ke jima da ita, shi ya sa kuma aka daɗe ana sa garinta a shayi. Amma ku tambayi kanku inda aka tsinto ta. A ƙasa, gindin itacen da awaki su ke kwana. Aka shanya ta a tabarma, aka daka a turmin da a ke daka kome, aka ƙulle a tsumma. Ba bagaruwar kaɗai ke shiga mikin ba, har da duk abin da ta kwaso a hanya. Ga shi kuma ta kan yi ɓawo a sama ta rufe, ƙwayar tatanas kuwa ba abin da ta ke so kamar wurin da iska ba ta shiga. Mikin da aka ɗinke ba ya bukatar a busar da shi da wani gari. Toka, da kashin shanu, da ƙasar gara, da baƙin mai na inji, da man goge haƙori, waɗannan ba ma abin tattaunawa ba ne. Haka nan fasa kafso a zazzage garinsa a kan ɗinki. In miki yana bukatar magani, wanda ya yi ɗinkin shi zai rubuta.

Jiyyar kanta ba wuya gare ta ba, haƙuri ta ke so. Bandejin da aka naɗa a bar shi a bushe kwana biyu. In za a yi fitsari ko tsarki a kula kada ya jiƙe, in kuwa ya jiƙe ko ya matse har fitsari ba ya fita, a koma a sake shi. Rana ta biyu a koma wurin ma'aikaci ya kwance ya duba, a sake komawa rana ta bakwai. Daga ran da aka kwance, a riƙa wanke wurin a hankali kowace rana da ruwan da aka tafasa ya huce, bayan an wanke hannu da sabulu. Kada a cuɗa, kada a ɓamɓare ɓawo, a tsane da ƙyalle mai tsabta wanda ba a amfani da shi don wani abu. Ba wanka a kududdufi, ba shiga tafki. A sa kamfai na auduga wankakke, a sake shi kullum, a ɗaga gaban ya kwanta sama wajen mara, gama in ya rataya ƙasa kumburi ya kan ƙaru. Kada babba ya kwaikwayi yara ya bar wurin a buɗe ga ƙuda da ƙurar hunturu. Zaren da a ke ɗinki da shi yawanci mai narkewa ne, ya kan zube don kansa cikin mako biyu zuwa huɗu. Kada a ja shi, kada a sa reza.

Ɗan kumburi, da ɗan ja, da ɗan ruwa-ruwa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Farasitamol ya isa ga zafin. Abin da ya fi ba maza wuya shi ne motsin gaba da asuba, wanda ba da nufin mutum ya ke zuwa ba, sai ya ja ɗinki ya tashe shi daga barci. Ba ya tsinka ɗinki in an yi shi da kyau. A yi fitsari kafin a kwanta, in an farka a sake yi, a kwanta ta gefe a naɗe gwiwa. Waɗansu su kan daina shan ruwa don tsoron fitsari. Kuskure ne, fitsari ya kan ƙara zafi in ya yi kauri. A sha ruwa, a ci wake da ƙwai da nono da zogale da nama in an samu. Ba abincin da ke sa mugunya, ƙazanta ce ke sa ta. Mai shan taba ya ajiye ta, tana jinkirta warkewa.

Duk wannan mai sauƙi ne a takarda. Inda gizo ya ke saƙa shi ne wurin aiki. Likita zai ce a huta mako guda, aikin ƙarfi da hawan babur ko keke ko jaki a ƙara musu wani makon ko fi. Ma'aikacin ofis ya ji ya bi. Amma ɗan dako mai loda buhunan riɗi da zoɓo a Maigatari fa? Ɗan acaɓa fa, da mai kora shanu daga kara zuwa mota? Shi abin da ya samu yau shi za a ci yau. In ka ce masa ya kwanta mako biyu ba ka ba shi tiya ko ɗaya ta gero ba, ba ka gaya masa kome ba. Zai tashi rana ta uku, ya sunkuya ya ɗaga buhu, ɗinki ya buɗe, zufa da ƙura su shiga. Wanda ya ƙi asarar kasuwa biyu sai ya yi asarar shida. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Shi ya sa zaɓen lokaci rabin jiyya ne. Manomi kada ya yi da damina, gama noma ba ya jiran kowa, kada kuma ya yi ana tsakiyar girbi. Da bazara ga zafi ga zufa ga ƙarancin ruwa. Kakanninmu da suka zaɓi sanyi bayan kaka sun yi daidai, hatsi yana rumbu, aiki ya yi sauƙi. Mai cin kasuwar Maigatari ya ci ta Alhamis ɗinsa, a yi masa kashegari ko farkon mako, ya sa a ransa Alhamis mai zuwa ba da shi ba, in aikinsa na ƙarfi ne har ta bayanta. Kuma a yi a inda za a iya komawa. 'Yan'uwanmu na wajen Dungas da Magarya su lura da wannan. An rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Ko ba a rufe ba, tafiya mai nisa a bayan babur da ɗanyen ɗinki ba dabara ba ce. Wanda ya zo daga nesa ya nemi masauki kusa da asibitin har a yi duban rana ta bakwai, ya kuma adana katinsa.

Sauran magana ɗaya mai nauyin faɗa, amma tilas mu faɗa. Ba kusantar iyali sai bayan mako 6, sai kuma ma'aikaci ya duba ya ce ya warke. A mako na uku ko na huɗu sama ta kan rufe, mutum ya ga kamar ya gama, alhali fatar sabuwa ce, ba ta yi ƙwari ba. In ta tsage, ƙofa ce a buɗe ga cuta, daga mace zuwa miji, daga miji kuma zuwa mace. A Rakai ta ƙasar Uganda an bi mazan da ke da cuta mai karya garkuwar jiki waɗanda aka yi wa kaciya, sakamakon ya fito a 2009. Matan waɗanda suka koma shimfiɗa kafin miki ya warke sun fi sauran kamuwa. Ashe gaggawar miji matarsa ce ta ke biya. Kada kuma wani ya ji zancen kashi 60 ya ɗauka kaciya laya ce. Ragewa ta ke yi, ba ta hanawa, ba ta kuma ɗauke wa kowa aminci cikin aure ba.

Don haka mai aure ba shi da hanyar ɓoye wa matarsa. In bai gaya mata ba, mako 6 yana juya mata baya, me za ta zata? Gidaje sun rikice a kan abin da bai kai wannan ba. Ya zaunar da ita tun kafin ya tafi. Ita ce za ta tafasa ruwa, ita ce za ta wanke kamfai, ita ce kuma za ta fara ganin in jikinsa ya yi zafi. Saurayi mai shirin aure kuwa shi ne ya fi ba mu tsoro. Ya kan yi ta nuƙu-nuƙu har sai an sa rana, saura kwana goma ko mako biyu, sa'an nan ya ruga. Fastoci da dattawan da ke yi wa masu shirin aure gargaɗi, ku keɓe saurayin shi kaɗai, ku tambaye shi a asirce tun ran da ya fara kawo maganar. In akwai bukata, a bar aƙalla wata uku kafin biki, don allura ta sami lokacinta miki ma ya sami nasa. In lokaci ya riga ya ƙure, ɗaga rana ya fi, ko kuwa a bari sai bayan biki a yi da sanin amarya. Ba dole ne a gaya wa dangi dalili ba.

Ba muna cewa a yi shela a majami'a ba. Asirin mutum nasa ne, mai bishara ko dattijon da ya fallasa shi ya yi zunubi, ya kuma rufe bakin duk masu zuwa bayansa. Amma tsakanin shela da ɓoyewa ƙurmus akwai wuri. Mutum biyu sun isa, matarsa ko ɗan'uwansa, da dattijo ɗaya mai riƙe magana. Dattijon ya iya cewa ɗan'uwanmu wane ba shi da lafiya, an yi masa aiki a asibiti, ba ƙarya ya yi ba. Daga nan sai a yi abin da mu kan yi wa kowane majiyyaci. Zumuntar mata ta kai tuwo, matasa su shayar da dabbobinsa su kai masa ruwa, in akwai sauran amfanin gona a waje a yi gayya a shigar. Daga baikon hatsi na kaka a ware tiya kaɗan domin irin wannan. Maƙwabcinmu Musulmi in abin ya same shi, hakkin maƙwabtaka bai sake ba, baƙon da ba shi da kowa a garin kuwa shi ya fi kowa bukata.

Dattijon nan da matar gida su ne ya kamata su san alamun da ba a kwana da su, don shi majiyyacin zai ce ba kome. In jini yana zuba, a danne da ƙyalle mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, in bai tsaya ba a kama hanya ana danne da shi. Kumburin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya, wari, zazzaɓi, zafin da ke daɗuwa bayan rana ta uku, ɗinkin da ya buɗe, fitsarin da ya ƙi fita, fatar da ta fara baƙi, kowane ɗaya daga cikinsu na komawa asibiti ne a ranar. In kuwa ya ce bakinsa ya yi nauyi, ko tuwo ya ƙi haɗiyuwa, ko wuyansa ya riƙe, ko da miki ya yi kyau a ido, kada a tsaya kantin magani, kada a jira gari ya waye. A nufi babban asibiti, a kuma gaya wa likita tun daga bakin ƙofa cewa an yi masa kaciya kwana kaza da suka wuce. Saboda irin wannan dare, tun kafin ranar yanka a san mai motar da za a tasa, a karɓi lambar wayarsa, a ajiye kuɗin mai a hannun matar gida.